Makaɗan Ƙasar Kadawa da Filayen Wasansu, Jiya da Yau

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano, ya wuce Kura ya doshi Kadawa a tsakiyar rani, ya ga gonakin alkama da tumatir sun yi kore shar hagu da dama alhali kuwa sauran ƙasa ta bushe ƙayau, lalle zai gode wa Allah bisa ga wannan ni'ima. Amma kaɗan ne daga cikin matafiya za su tuna cewa ruwan nan da ya raya ƙasa, shi ne kuma ya sauya wa makaɗan yankin lokacinsu da filinsu da masu yi musu kyauta.

A zamanin da, kafin a haƙa magudanan ruwa, kiɗa a ƙauyukan Kura da Bunkure ba shi da wani gida na musamman da ake biyan kuɗi a shiga, domin kuwa gona da dandali da bakin kasuwa da ƙofar gidan dagaci su ne filayensa, kuma kowace sana'a tana da nata. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, masu sarauta suna da tambari da algaita da kakaki, mata kuwa a cikin gida suna da shantu da kiɗan ƙwarya. Manomi shi ne mai gangar noma. Idan damina ta kankama aka kira gayya, samari suka jeru da garemaninsu a bakin kunya, sai makaɗi ya biyo su a baya yana kaɗa wa kowa takensa, maroƙi yana zuba kirari yana ambaton iyaye da kakanni, har rago ya ji kunya ya zage damtse, jarumi kuwa ya yi aikin mutum biyu kafin azahar. Ladan makaɗi galibi damin hatsi ne idan kaka ta yi.

Da an kai amfanin gona rumbu, sai lokacin wasa na sosai ya shigo, wato kaka da rani, sa'ad da hannu yake da abin kyauta, jiki kuma yake da hutu. A nan ne ake kalankuwa, ake ɗaura aurarraki, 'yan dambe da 'yan kokawa suke bin gari gari da makaɗansu, 'yan mata suke fita dandali da dare. Kura kuma, da yake gari ne na marina wanda baƙin yadinsa mai ƙyalli ya yi suna har cikin ƙasashen Buzaye, ba ta rasa attajiran da mawaƙi zai wasa ya sami riga.

Birni yana da nasa tafarkin. A Sabon Garin Kano akwai otel-otel inda ƙungiyoyin makaɗa masu ƙaho da jita, yawancinsu mutanen Kudu, suke wasa da dare, a cikin gari kuwa masu kukuma irin su Garba Supa da masu amada irin su Uwaliya suna cika gidajen biki. Bayan da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai muryar Mamman Shata da ta Musa Ɗanƙwairo da gurmin Haruna Uji na Haɗeja suka riƙa isa kowace bukka, manomin Kadawa ya san waƙoƙinsu tun bai taɓa ganinsu ido da ido ba.

Babban sauyi ya zo ne a mulkin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, aka soma aikin noman rani na Kogin Kano wanda aka tsara kashinsa na farko zai shayar da hekta wajen 22,000, Kadawa kuwa ita ce wurin gwaji; aka kuma gina otel a bakin tafkin Bagauda domin shaƙatawar mutanen birni, wanda a yau ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Arziki ya shigo, babu shakka, amma rani, wanda a da shi ne lokacin hutu da wasa, ya koma lokacin ban-ruwa da dashe da tsinkar tumatir; ƙwadago na kuɗi ya ture gayya, tarakta ta shiga inda garma take, gangar noma kuwa, da yake ba ta da aiki sai inda jama'a suka taru suna noma tare, ta soma rasa mai kiranta.

Sa'an nan kaset ya zo, finafinan Hausa suka biyo baya tun daga Turmin Danya a 1990, fiyano ta maye gurbin makaɗa biyar a ɗakin ɗaukar waƙa guda. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sai aka ƙara sa ido kan wasannin dare da cuɗanyar maza da mata, yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da bandirin Ƙadirawa kuwa suka ci gaba da bunƙasa. Yau mai biki a Kura ya fi saurin kiran mai na'ura da lasifika bisa ga kiran mai kalangu.

Ba mai hankalin da zai yi fatan a toshe magudanan Kadawa don ganga ta dawo, gama ciyar da al'umma ya fi wasa daraja. Amma take da kirarin manoma tarihi ne wanda ba a rubuta ba, a cikinsu akwai sunayen sarakunan noma da na garuruwa da nasabar gidaje, kuma yana ƙirjin dattawan da kullum raguwa suke yi. Saboda haka muna roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta Gidan Ɗan Hausa, da malaman Jami'ar Bayero, da hakiman Kura da Bunkure da Garun Malam, su nemi tsofaffin makaɗan da suka rage, a ɗauki kiɗansu, a rubuta bayaninsu daga bakinsu tun suna da rai.