Shin Dole Mai Hankali Ya Yi Kama da Mutum? Hasashen Sauyin Halitta a Ma'aunin Duwatsun Adar

Tsakure

Maƙalar ta auna siffar dainoso mai hankali da Dale Russell ya ƙago a 1982 da burbushin halittun da aka tono a jihar Tawa. Matsayarta ita ce kamannin mutum da ake gani a irin wannan hasashe daga hannun mai zane yake fitowa, ƙasusuwan ba su nuna shi ba.

Gabatarwa

Hasashen sauyin halitta fage ne na tambayar "da a ce": da wata zuriya ba ta ƙare ba, me za ta zama? Littafin Dougal Dixon, After Man (1981), ya fito da fagen fili. Shekara guda bayansa, Russell na gidan tarihin halittu da ke Otawa a Kanada da mai sassaƙa Ron Séguin suka gina mutum-mutumin jikan wani dainoso mai suna Stenonychosaurus, da a ce dainoso ba su halaka ba shekaru miliyan 66 da suka wuce. Suka tsayar da shi a miƙe, suka cire masa wutsiya, suka ba shi yatsu uku da babban ƙoƙon kai. Wanda ya gan shi sai ya ce mutum ne ya yafa fatar ƙadangare.

Abin da ƙasar Adar ta adana

Tsaunukan Kaita da Buza, da kwarin Tarka inda Madawa take, duk suna cikin babban kwarin Iullemmeden, wanda teku ya mamaye a ƙarshen zamanin dainoso da kuma bayansa. Farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke sarrafawa laka ce ta ƙasan wannan teku. A In Beceten, gabas da Tawa, an samo ƙasusuwan dainoso da macizai da kwaɗi, da wani kada da Eric Buffetaut ya raɗa wa suna Trematochampsa taqueti a 1974. Daga dutsen Igdaman kuma aka bayyana Igdamanosaurus a 1991, ƙaton ƙadangaren teku mai dasassun haƙora na fasa ɓawon kodi. Ɗan'uwansa Goronyosaurus ya ci sunan Goronyo ta ƙasar Sakkwato.

Tattaunawa

Mu gwada hanyar Russell a kan waɗannan. Ƙafafun Igdamanosaurus sun riga sun zama filafilai, yatsunsa a ɗaure cikin nama. Ko ƙwaƙwalwarsa ta ninka goma, ba shi da abin riƙe dutse, kuma ba a hura wuta a ƙarƙashin ruwa. Kadan In Beceten kuwa dabba ce da ba ta dumama jikinta da kanta, alhali ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai cin abinci: ta ɗan Adam tana lashe kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jikinsa yana hutawa. Tsayuwarmu a miƙe ma gadon birai masu hawan itace ne. Dainoso mai ƙafa biyu ya riga ya warware matsalar tafiya da kwantaccen baya da wutsiya mai daidaita nauyi, don haka babu abin da zai tilasta masa miƙewa.

Simon Conway Morris, a littafinsa na 2003, ya kare ra'ayin cewa halittu mabambanta kan isa ga mafita iri ɗaya. A kan ido da fiffike yana da hujja mai ƙarfi. A kan siffar mutum kuwa misali ɗaya tak ke hannunmu, kuma ba a kafa ƙa'ida da shaida guda. Al'adarmu ma ta san jarabar ba wa baƙuwar halitta siffar mutum: aljanin da ake ba da labarinsa a kasuwa mutum ne sak, sai an dubi ƙafarsa a ga kofato.

Abin da ya fi jan hankalin marubucin shi ne zuriyar dainoso ba ta ƙare duka ba, domin tsuntsaye jikokinta ne. Binciken Olkowicz da abokan aikinsa na 2016 ya nuna ƙwaƙwalwar hankaka da aku cunkushe take da ƙwayoyin jijiya fiye da ta birin da nauyin ƙwaƙwalwarsu ya zo ɗaya. Hankakin tsibirin Nuwel Kaledoniya suna gyara tsinke su yi ƙugiya su zaƙulo tsutsa, da baki da ƙafa kawai. Danginsu ne mai farin ƙirji da ke shawagi kan mahautar Buza ranar kasuwa.