Gansakuka a Akwatin Kifin Ado

Gansakuka tsiro ne ƙanƙane marar saiwa, wanda yakan lulluɓe gilashi da duwatsu da ganyaye a cikin akwatin gilashin da ake kiwon kifin ado a gida, kuma galibi sababin yawaitarsa biyu ne, wato hasken da ya wuce ƙa'ida, da sinadaran naitiret da fosfet da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abincinsu. Saboda haka da yawa daga masana wannan fanni suke ba da shawarar cewa kada fitilar akwatin ta wuce sa'a 6 zuwa 8 a yini, kada kuma a girke shi daura da taga inda rana take bugawa, sannan a riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako, a dasa tsirrai masu saurin girma domin su riga gansakukar cinye abin da take rayuwa a kansa.

Akwai kuma halittu masu cinta, kamar kifin Otocinclus na Kudancin Amurka, da jatan-landen da Takashi Amano, mutumin Japan, ya shahar da shi. Amma magungunan kashe gansakuka da ke ɗauke da tagulla, lalle illarsu ta fi amfaninsu, domin suna halaka jatan-lande da dodon-koɗi.