Tabo a Jiki, Babu Shi a Fayil: Tarihin 'Yan Mazan Jiyanmu da Takardun Soja



Duk ranar 15 ga Janairu akan yi fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a ce an tuna da 'yan mazan jiya. Mu a Kudancin Kaduna ba sai an tuna mana ba. Da wuya ka ratsa unguwa a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi ko Kachia ba a nuna maka gidan Saje ko gidan Kofur ba, ko da mai gidan ya daɗe da rasuwa. Da yawanmu mun tashi muna ganin dattijon da ke jan ƙafa, ko mai tabo a kafaɗa, kowa a gari ya san a bakin daga ya samo shi. Abin tambaya shi ne, takardarsa ta sani? Sau da yawa ba ta sani ba, kuma a wurin hukuma abin da takarda ba ta faɗa ba bai faru ba.

Turawa sun kafa Rundunar Sojan Afirka ta Yamma a 1897 a hannun Lugga, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. A 1924 aka buɗe makarantar kuratan soja ta Zariya. A 1927 layin dogo na gabas ya haɗu da na Jos a Kafanchan, garin ya zama mahaɗa. Saurayin da a da sai ya yi kwanaki a ƙafa kafin ya ga bariki, yanzu jirgin ƙasa ke kai shi. Haraji na jira, aikin albashi ba yawa, kaki kuma yana da kwarjini. Ta haka aikin soja ya shiga jinin wannan yanki, har ya kai ga fitar da manyan hafsoshi irin su Janar Martin Luther Agwai, da Laftanar Janar Luka Yusuf, da Janar Christopher Musa, ga kuma makarantar igwa ta soja a Kachia.

Matsalar takarda ta fara ne tun daga teburin ɗaukar kurtu. Akawun da ke rubutu ba ya jin Katafanci ko Kajanci ko Jabanci, Baturen da ke kansa ma haka. Sai a rubuta sunan da ya zo da sauƙi, a haɗa da sunan gari ko na lardi: Audu Zariya, Musa Kano, Garba Bauci, da makamantansu. Wani ma da kansa yake zaɓen sunan Hausa don ya saje da abokan aiki, wani kuma don kada mahaifinsa ya gano inda ya gudu. Shekarun haihuwa kuwa, ido ne ke yanke su. Saboda haka mutum zai iya yin shekara biyar yana amsa sunan da ba wanda ya san shi da shi a ƙauyensu. Jikan da ya tashi yau yana neman kakansa da sunan gida, bayan takardu da sunan bariki suka san shi, zai sha wuya. Abu ɗaya ne ba ya canzawa, wato lambar soja.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, sojojin Najeriya sun fara zuwa Gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941 suka wuce Habasha. Daga nan a 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya sannan Bama don su kara da Japanawa. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je can, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, daji ne mai duhu da tsaunuka, babu hanyar mota sai wadda suka sara da hannunsu, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Dubbai daga cikinsu 'yan dako ne masu ɗaukar kaya a ka, da adda kawai a hannu. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun bi mayaƙan Chindit har bayan layin abokan gaba. Runduna ta 82 kuma ta yi asarar mutum 2,085 tsakanin matattu, masu rauni da waɗanda suka ɓace a yaƙin Arakan, inda ita da ta 81 suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokin da muke ji kullum, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can suka samo asali.

To a irin wannan daji, wa ke zaune yana rubuta wanda harsashi ya sama? Kowace bataliya tana da littafin da take rubuta abin da ya faru kullum, kuma waɗannan littattafai suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan. Amma al'adar rubutun ita ce a ambaci hafsa Bature da sunansa, a ce wane ya ji rauni, sauran kuma a ba da adadi kawai: 'yan Afirka kaza sun mutu, kaza sun jikkata. Wanda aka ɗaure wa rauni a gindin bishiya ya koma cikin sahu, bai taɓa kwanciya a asibiti ba, shi ko cikin adadin ma ba lallai ya shiga ba.

Labarin Isaac Fadoyebo ya nuna iyakar inda kuskuren takarda ke kaiwa. Ɗan Emure-Ile ne kusa da Owo, ya shiga soja yana da shekara 16, aka sa shi a sashen kula da masu rauni. Ranar 2 ga Maris 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi cikin gawarwaki. Wani talaka Musulmi ɗan ƙauyen, mai suna Shuyiman, shi ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su, alhali da Japanawa sun gane da ransa zai biya. Wata tara Fadoyebo ya yi a ɓoye kafin a cece shi. A duk wannan lokaci, a lissafin soja ɓatacce ne, danginsa kuma sun riga sun fitar da rai. Da ya dawo gida sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar ba fatalwa ba ce. Abin da ya sa duniya ta san shi yau shi ne ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, aka buga a 1999, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har Bama a 2011 ya gano 'ya'yan Shuyiman. Fadoyebo ya rasu a 2012. Nawa ne cikin namu na nan suka iya rubutun boko a 1945, balle su sami mai buga musu?

Akwai wani abu da ya kamata iyalai su fahimta, don yana hana wahalar banza. A tsarin sojan Birtaniya, wanda kakanninmu suka yi aiki a ƙarƙashinsa, babu lambar ƙarfe ta musamman da ake rataya wa wanda ya ji rauni. Abin da ake da shi wani ɗan ziri ne mai ruwan zinariya, tsawon inci biyu, da ake maƙalawa a hannun hagu na rigar kaki. An fara shi a 1916, aka dawo da shi a 1944, aka soke a 1946. Riga ta tsufa, shaida ta tafi. Lambobin da muke gani a tsohuwar adaka, kamar Tauraron Bama mai kintinkiri ja da shuɗi, shaidar zuwa fagen yaƙi ne, ba shaidar rauni ba. Inda rauni yake zama shi ne littafin sallama da takardar likitocin da suka duba mutum kafin a sallame shi, kuma a kansu ake yanke fanshon nakasa.

Amurkawa ne ke da lambar rauni, wadda suke kira Purple Heart, tun 1932. Su ma sharaɗinsu shi ne raunin ya zo daga abokan gaba, likita ya yi maganinsa, kuma an rubuta. Abin koyi a wurinsu shi ne tun 1946 suka kafa hukumomin da aikinsu kawai gyara kuskure a fayil ɗin soja, inda tsohon soja ko magajinsa zai shigar da koke da hujjojinsa. Ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta ci ma'ajiyarsu ta St. Louis, ta ƙone fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Ba su ce shi ke nan ba. Suka riƙa sake gina tarihin mutum daga takardun albashi, da rajistar asibiti, da rantsuwar waɗanda suka yi yaƙi tare. Har yau ana jin an ba wani dattijo lambarsa bayan shekara hamsin ko sittin, wani lokaci 'ya'yansa ne ke karɓa.

Birtaniya ma an tilasta mata duba nata littafin. A Afrilun 2021 wani kwamitin hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ya bayyana cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, kuma wariyar launin fata na cikin dalilan. Ministan tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. An ɗauki shekara ɗari, amma an yi.

Namu na gida da ya fi yawa shi ne na yaƙin basasa, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970. Sojan da bai fi mutum 10,000 ba kafin yaƙin ya kumbura ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Horon 'yan makonni ake yi wa kurtu a tura shi gaba. Samarin wannan yanki sun shiga da yawa, wasu a runduna ta ɗaya ta Muhammadu Shuwa, wasu a ta biyu ta Murtala Muhammad wadda ta sha wuya a tsallaken Kwara zuwa Anaca a Oktoban 1967 da kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968, wasu a ta uku ta Benjamin Adekunle. Ofishin da aka tsara don riƙe takardun mutum dubu goma ba zai riƙe na dubu ɗari biyu da hamsin ba tare da giɓi ba, ko da kowa ya yi gaskiya. Duk da haka a ƙasar nan ma an taɓa gyara fayil da alƙalami ɗaya: a watan Mayun 2000 Shugaba Obasanjo ya mai da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta koma ritaya. Idan an iya yin wannan, a ganinmu rubuta raunin wanda ya zubar da jini a ɓangaren tarayya bai kamata ya gagara ba. Yanzu sojan Najeriya shi ma yana ba da lambar Purple Heart ga waɗanda suka jikkata a fagen fama, kuma 'ya'yanmu da suka dawo daga Laberiya da Saliyo bayan 1990, da na Arewa maso Gabas, su ne tsofaffin gobe.

Ga wanda ke son bin kadin mahaifinsa, lambar soja ce farko. Ana samunta a littafin sallama, a takardar fansho, wani lokaci a gefen lambar yabo ko a bayan tsohon hoto. Sai sunan bataliya da wurin da aka ji raunin, da wata ko aƙalla shekara. Sai duk wata takardar asibiti, ko kati ne na Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, ko hoton ƙashi da ya nuna ɓarɓashin ƙarfe a jiki. Idan sunan gida ya saɓa da na bariki, a yi rantsuwar kotu, a haɗa da takardar hakimi ko sarki mai tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lokoja, a barikin Chari Maigumeri. Hukumar Fansho ta Sojoji tana Dutsen Alhaji a Abuja. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1964, tana da rassa a jihohi, kuma ta wurinta ya fi dacewa a fara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati.

Kada a miƙa ainihin takarda ga kowa, kwafi ake bayarwa. Kada a ba ɗan tsakiya kuɗi don ya ce yana da hanya a Abuja. Kuma kada a ƙara gishiri: idan a hatsarin mota Baba ya karye a hanyar Makurɗi, a faɗi haka, domin ƙarya ɗaya tana ɓata koken mutum goma masu gaskiya.

Abin da ya fi gaggawa shi ne shaidar baki. Wanda ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, yau ya haura saba'in da biyar. Na Bama kuwa sai dai a ce Allah ya jiƙansu, in ban da ɗaiɗaiku. Idan akwai dattijon da ya ga lokacin da aka harbi mahaifinku, ko shi ya ɗauke shi a kafaɗa, ku je masa da waya a wannan makon, ya faɗi sunansa da lambarsa da bataliyarsa, da inda abin ya faru, ku naɗa, a rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban kwamishinan rantsuwa.