M*A*S*H: Daren da Dariya ta Tsaya

A watan Satumban 1972 tashar CBS ta Amurka ta fara nuna M*A*S*H, wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan likitocin tiyata na soja a wani asibitin tafi-da-gidanka lokacin Yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953. Tushen labarin littafi ne na 1968 wanda Richard Hornberger, likitan da ya yi aiki a irin wannan asibiti, ya wallafa da sunan Richard Hooker. A 1970 Robert Altman ya mayar da shi fim.

Barkwancin shirin mai ɗaci ne. Likitoci suna zolayar juna alhali hannuwansu na cikin jinin samarin da aka kwaso daga fagen daga, suna shan giyar da suka haɗa a tantinsu, suna yi wa manyan hafsoshi ba'a. Ko da yake Koriya ake ambata, masu kallo sun san inda aka dosa, domin a lokacin ana ci gaba da dawo da gawarwakin sojojin Amurka daga Biyetnam.

Saɓani na farko ya taso ne tsakanin masu shirin da tashar. A al'adar talabijin ɗin Amurka ta wancan zamani, akan saka naɗaɗɗiyar dariya a shirye-shiryen ban dariya, don mai kallo ya san inda ake so ya dara. Larry Gelbart, wanda ya tsara shirin, da abokin aikinsa Gene Reynolds ba su so haka ba, amma CBS ta kafe. Daga bisani aka daidaita: za a saka dariyar, sai dai ban da ɗakin tiyata. Ita kuwa BBC ta nuna shirin a Birtaniya ba tare da ita ba. Saboda haka kalma ɗaya daga bakin likita Hawkeye, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa, takan isa kunnen Ba'amurke a matsayin raha, ta isa kunnen Baturen Ingila a matsayin maganar mutumin da gajiya da takaici suka cika.

Babbar jarrabawa ta zo ranar 18 ga Maris 1975, a kashin ƙarshe na zango na uku. McLean Stevenson, mai fitowa a matsayin kwamandan asibitin, Kanar Henry Blake, ya yanke shawarar barin shirin. Aka tsara cewa an sallami Blake daga aiki, ya yi bankwana da kowa cikin raha, ya kama hanyar gida. A minti na ƙarshe sai magatakardansa Radar ya shiga ɗakin tiyata, wurin da ba a saka dariya, ya sanar da cewa an harbo jirgin da ke ɗauke da shi a sararin Tekun Japan, ba wanda ya tsira. An ɓoye wa yawancin 'yan wasan wannan shafi har sai da lokacin ɗaukarsa ya matso.

Wasiƙu fiye da dubu suka kwararo. Masu fushi sun ce an yaudare su: shirin nishaɗi suka zauna kallo da iyalansu, ba su yi yarjejeniyar makoki da kowa ba, kuma babu abin da ya hana a bar mutumin ya isa wurin matarsa da 'ya'yansa. Masu goyon baya sun ce yaƙi ba ya zaɓen wanda zai ɗauka, kuma shirin da ya shafe shekara uku yana wasa a bakin kabari dole wata rana ya nuna cewa kabarin na gaske ne. Makonni shida bayan haka birnin Saigon ya faɗi, Yaƙin Biyetnam ya ƙare.

Akwai rukuni na uku, kuma marubucin littafin yana cikinsa. Hornberger bai ƙi barkwancin ba, domin shi ya san yadda likitoci ke riƙe hankalinsu da shi. Abin da ya ƙi shi ne yadda talabijin ta mayar da shi makamin adawa da yaƙi, ra'ayin da ba nasa ba.

Wannan ya nuna cewa rigimar ba ta tsaya ga ko ya dace a yi wasa da mutuwa ba. Kowane ɓangare yana da aikin da ya ɗora wa dariyar. Wasu sun ɗauke ta mafaka daga labaran yamma, wasu sun ɗauke ta tuhuma ga masu tura 'ya'yan mutane fagen daga, shi kuwa wanda ya riƙe wuƙar tiyata ya ɗauke ta dabarar kaiwa gobe. Muddin shirin bai fayyace matsayinsa ba, kowa na iya zaton da shi ake tafiya. Mutuwar Blake ce ta tilasta fayyacewar.

Fushin bai kori masu kallo ba. Shirin ya ci gaba har shekara 11, yana rage raha yana ƙara nauyi. Kashinsa na ƙarshe, ranar 28 ga Fabrairun 1983, ya nuna Hawkeye a asibitin masu taɓin hankali, yana tuna wata mata da ta toshe numfashin kazarta a mota don kada abokan gaba su ji motsi, kafin ya gane cewa jaririnta ne. Fiye da mutum miliyan 100 suka kalle shi a Amurka, kuma a daren nan ba a saka naɗaɗɗiyar dariya ko sau ɗaya ba.