Fijo 504, Motar da ta San Hanyar Yola

Kafin a ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, ƙaramar takardar gwamnati ma sai ta kai mu Yola, hedkwatar Gongola. Galibi kuwa Peugeot 504, wato Fijo, ce ke ɗaukarmu. A Faransa ta fara fitowa a 1968, sannan kamfanin PAN, wanda ya fara aiki a Kaduna a 1975, ya yi shekaru yana haɗa ta.

Wadda muka fi sani injinta silinda huɗu ne, lita 2, giya huɗu, tayoyin baya ke tura ta. Ba ta da zafin tashi, amma in ta miƙi hanya sai ta zauna daram. Sifirinta laushi gare shi, ga tsayi daga ƙasa, shi ya sa gargadar hanyar Numan ba ta karya mana ƙugu ba.

In ta tsaya a daji, direba kan busa kafireto, ya goge fulogi, a tura, ta tashi. Motocin yau kuwa sai an jona musu kwamfuta.

Bakaniken unguwarmu da ke gane ciwon Fijo daga ƙararta sun manyanta. Jama'a, mu tura yaranmu garejinsu tun suna da ƙarfin riƙe sifana.