Kotun da ba a ɗaukaka ƙara: waiwaye kan shari'ar Ken Saro-Wiwa

Ranar Juma'a 10 ga Nuwamba 1995 ina ƙaramin malamin lakkol a Maraɗi. Da dare muna zaune wurin mai shayi, rediyo na buɗe, sai aka ce gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas a kurkukun Fatakwal. Wani dattijo a cikinmu ya ce: "In hukuma ta rataye su, ai da laifinsu. Ba kotu aka kai su ba?" Na yi shiru domin ba ni da amsa. Yau, bayan shekara talatin, ina so in ba da amsar, ko da yaranmu za su amfana.

Saro-Wiwa ɗan ƙabilar Ogoni ne, daga yankin mai na kudancin Najeriya. Ya jagoranci ƙungiyar MOSOP, wadda aka kafa a 1990 don kukan yadda haƙar mai ta ɓata gonaki da ruwan kamun kifi na mutanensa. Ranar 21 ga Mayu 1994 wasu gungun mutane suka kashe manyan Ogoni huɗu a Giokoo: Edward Kobani, Albert Badey, Samuel Orage da Theophilus Orage. Kisan gilla ne, kuma iyalansu sun cancanci a gano wanda ya yi. Saro-Wiwa ba ya wurin, domin jami'an tsaro sun maido shi daga hanya tun kafin abin ya faru. Duk da haka aka kama shi, aka ce shi ya zuga. Tun ba a fara bincike ba, kantoman soja na jihar Ribas ya fito gaban ƴan jarida ya ɗora wa MOSOP laifin. Mutanen suka yi wata takwas da ɗoriya a tsare kafin a fara sauraren shari'arsu a Fabrairun 1995.

Ga inda dattijon nan namu ya yi kuskure. Ba babbar kotun jiha aka kai su ba, inda ake kai duk wanda ake zargi da kisan kai. An kafa masu kotu ta musamman a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 2 ta 1987. Gwamnatin soja ce ta zaɓi masu zama su uku: Mai shari'a Ibrahim Auta a matsayin shugaba, da wani alƙali, da hafsan soja Laftanar Kanar Hameed Ali. Dokar ta hana ɗaukaka ƙara. Abin da ya rage kawai shi ne majalisar mulkin soja, wadda Abacha ke shugabanta, ta tabbatar da hukuncin. Wato hannu ɗaya ne ya kama, ya yi ƙara, ya naɗa alƙalai, kuma shi ne zai sa hannu a ƙarshe.

Lauyoyin da ke kare su, da Gani Fawehinmi a gaba, sun janye a tsakiyar shekara, suna cewa ba a bar masu hanyar yin aikinsu ba. Biyu daga cikin shaidun gwamnati sun yi rantsuwa a rubuce cewa an ba su toshiya don su yi shaidar zur. Hakan bai tsayar da komai ba. A ranakun 30 da 31 ga Oktoba aka yanke wa mutum tara hukuncin kisa, majalisar soja ta tabbatar ranar 8 ga Nuwamba, bayan kwana biyu aka rataye su. Washegari ƙungiyar Kwamanwel ta dakatar da Najeriya.

Wannan doka ba don Ogoni aka yi ta ba. Gwamnatin Janar Babangida ce ta kafa ta bayan rikicin Kafanchan na 1987, kuma a arewa aka fara aiki da ita. Da ita aka yi shari'ar rikicin Zangon Kataf na 1992, inda aka kashe Hausawa masu yawa, aka yanke wa Janar Zamani Lekwot mai ritaya hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Na san mutanenmu da suka yi murna da wancan hukunci saboda zafin abin da aka yi wa ƴan'uwa. Amma me aka samu? Da yake kotun ba ta cika sharuɗɗa ba, sai magana ta tashi daga kan waɗanda aka kashe ta koma kan yadda aka yi shari'ar. Kotun gaggawa ta cuci wanda ake ƙara, ta kuma cuci mamatan. Sauri ya haifi nawa.

Mu ma a Nijar ba baƙon abu ba ne. Bayan yunƙurin juyin mulki na watan Maris 1976 a kan Seyni Kountché, cikin waɗanda kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa har da Ahmed Mouddour, shugaban ƙungiyar ƙwadago, wanda farar hula ne.

Masu kare irin waɗannan kotuna suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa kotunan yau da kullum na jan ƙafa, shaidu na tsoro, ƙasa kuma na cikin haɗari. Gaskiya ne, mun san yadda mutum kan shekara a gidan kaso yana jiran ranar shari'a. Sai dai maganin wannan shi ne a ƙara alƙalai, a kare shaidu, a ba kotu kayan aiki. Soja an horar da shi ya bi umarnin na gaba da shi, kuma wannan shi ne kyawun aikinsa. Alƙali kuwa amfaninsa shi ne ya iya ce wa mai mulki a'a. In aka zaunar da mutum kujerar alƙali alhali ƙarin girmansa na hannun mai ƙara, an ɗora masa abin da ba zai iya ba.

A Oktoban 1998 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa shari'ar Fatakwal ta saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta 1981. Sashe na 7 na yarjejeniyar, wadda Nijar ma ta amince da ita, ya ba kowa abu huɗu: damar kai kuka kotu, ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, lauyan da ya zaɓa, da shari'a cikin lokaci a gaban kotun da ba ta da ɓangare. Kuma a nan Yamai, a zamanta na watan Mayu 2003, hukumar ta amince da ƙa'idojin shari'ar adalci, waɗanda suka ce kotun soja ta sojoji ce da laifuffukan aikin soja, kada ta taɓa farar hula ko da wane dalili. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa mutanen tara afuwa. Da yawa daga magoya bayansu sun ce ba afuwa suke nema ba, a wanke su ne, domin afuwa ta mai laifi ce.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, wannan darasi a aji da tsakar gida yake farawa. Sau nawa alli ko kuɗin wani ya ɓata, muka nuna yaron da muka saba zargi, muka yi ƙara, muka yanke hukunci, muka yi bulala, duk kafin ya buɗe baki? Ni na yi, kuma sau ɗaya kuɗin ya fito daga jakar mai su bayan an tashi. Addininmu ya ɗora kawo hujja a kan mai ƙara. Yaron da ya taso yana ganin ana sauraren kowane ɓangare, in ya girma ya ji an ce an kai wane kotu, zai tambaya: wace kotu, wa ya naɗa alƙalan, kuma in sun yi kuskure ina za a kai kuka?

Allah ya ba mu ikon yin adalci, ko da a kan wanda ba mu so.