Turkiyya tsakanin Gabas da Yamma: Tarihin manufofinta na ƙetare

A watan Yulin 2019 ne jiragen saman Rasha suka fara sauka a wani sansanin soji da ke kusa da birnin Ankara, ɗauke da na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami samfurin S-400. Ƙasar da ta sayi kayan, wato Turkiyya, memba ce a ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952, kuma ita ce ta biyu a ƙungiyar wajen yawan sojoji, bayan Amurka.

Ba a cika shekara uku ba aka ga jirage marasa matuƙa ƙirar Turkiyya suna ragargazar ayarin motocin sojan Rasha a Yukren.

Irin wannan ne ke sa ake yawan tambaya ko Turkiyya ta juya wa ƙasashen Yamma baya ne. Tarihinta ya nuna cewa ba ta fita daga cikinsu ba, ba ta kuma shiga sahun Rasha da Sin ba. Abin da ta daɗe tana yi shi ne amfani da matsayin da Allah ya ajiye ta a taswirar duniya wajen yin ciniki da kowane ɓangare.

Tushen lamarin

An kafa Jamhuriyar Turkiyya a 1923 a kan abin da ya rage na Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shugabanta na farko, Mustafa Kemal Ataturk, ya soke halifanci a 1924, ya fuskantar da ƙasar ga Turai, ya kuma guji tsoma baki cikin rigingimun ƙetare.

Babban abin da ya bar wa magadansa a fagen diplomasiyya shi ne yarjejeniyar Montreux ta 1936. Ita ce ta mayar wa Turkiyya iko da mashigan ruwa na Bosphorus da Dardanelles, waɗanda su kaɗai ne hanyar da jirgin ruwa zai bi daga Bahar Aswad zuwa Bahar Rum. Yarjejeniyar ta ba jiragen kasuwanci 'yancin wucewa, ta taƙaita zirga-zirgar jiragen yaƙi, ta kuma ba Turkiyya damar hana jiragen yaƙin ƙasashen da ke faɗa da juna wucewa. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa Rasha ke lallaɓa Turkiyya, daga nan ya kamata ya fara.

Waɗannan mashigai ne kuma suka tura ta hannun Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Turkiyya ta zama 'yar ba-ruwanmu a cikinsa har zuwa farkon 1945, Stalin ya nemi a ba Tarayyar Sobiyet hannu a tsaron mashigan, ya kuma yi iƙirarin yankunan Kars da Ardahan. Amurka ta soma tallafa wa Turkiyya a 1947, Turkiyya ta tura sojoji yaƙin Koriya a 1950, sannan aka karɓe ta cikin NATO tare da Girka. A wannan tsakanin ne, a 1949, ta zama ƙasar Musulmi ta farko da ta amince da Isra'ila.

Darasin tsibirin Cyprus

Ƙawancen bai daɗe ba aka fara ganin ɓaraka. Lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962, Amurka ta yi wa Sobiyet alƙawari a asirce cewa za ta janye makamanta na Jupiter daga Turkiyya, ba tare da shawartar hukumomin Ankara ba.

Abin da ya fi yi wa Turkawa ciwo ya zo ne a 1964. Yayin da Turkiyya ke shirin tura sojoji Cyprus domin kare Turkawan tsibirin, shugaba Lyndon Johnson ya aika wa Firayim Minista Ismet Inonu wata wasiƙa mai zafi, inda ya gargaɗe shi da kada ya yi amfani da makaman Amurka, ya kuma nuna cewa ba lallai ne NATO ta kawo ɗauki ba idan Sobiyet ta far wa Turkiyya a sanadiyyar hakan. Da Turkiyya ta shiga tsibirin a 1974, majalisar dokokin Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978.

Turkawa sun fahimci cewa wanda ke sayar maka da bindiga yana iya hana ka harsashi ranar da ka fi buƙata. Masana'antun makaman da ƙasar ke tinƙaho da su a yau, daga wancan takunkumi tushensu ya samo asali. Wannan duka ya faru tun kafin a san sunan Recep Tayyip Erdogan a siyasa, abin da masu ɗora komai a kansa kan manta.

Ƙofar Turai

Turkiyya ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da kasuwar tarayyar Turai a 1963, ta nemi zama cikakkiyar memba a 1987, aka amince da ita a matsayin 'yar takara a 1999, aka kuma buɗe tattaunawa a watan Oktoban 2005. Daga cikin babi 35 da za a tattauna, 16 kaɗai aka buɗe, ɗaya tak aka kammala. A 2018 Tarayyar Turai ta bayyana cewa tattaunawar ta tsaya cik.

Turawa na kafa hujja da batun Cyprus, da take haƙƙin ɗan Adam, da ɗaure 'yan jarida da 'yan adawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Turkawa da dama kuwa na ganin addini da yawan jama'arsu ne ainihin abin da ake gudu, kuma shugabanni irin su Nicolas Sarkozy na Faransa ba su ɓoye adawarsu da shigar ƙasar ba. Duk da haka, ciniki bai tsaya ba. Akwai yarjejeniyar kwastan tsakaninsu tun tsakiyar shekarun 1990, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na kayan da Turkiyya ke fitarwa Tarayyar Turai suke tafiya. A 2016 Turai ta yi alƙawarin Yuro biliyan 6 domin Turkiyya ta riƙe 'yan gudun hijirar Siriya, waɗanda yawansu a ƙasar ya taɓa haura miliyan uku da rabi.

Zamanin Erdogan

Jam'iyyar AKP ta ci zaɓe a 2002. A ranar 1 ga Maris 2003 majalisar dokokin Turkiyya ta ƙi amincewa sojojin Amurka su ratsa ƙasar domin mamaye Iraƙi, matakin da ya girgiza Washington.

Ahmet Davutoglu, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 2009 zuwa 2014, ya fito da manufar kawar da duk wata matsala da maƙwabta. An soke biza da Siriya, an ƙarfafa ciniki da Iran da yankin Kurdawan Iraƙi. Dangantaka da Isra'ila kuwa ta yi tsami bayan Erdogan ya fice daga wani zama da Shimon Peres a Davos a 2009, da kuma farmakin da sojojin Isra'ila suka kai wa jirgin agaji na Mavi Marmara a 2010, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum goma.

Guguwar sauyi ta ƙasashen Larabawa ce ta wargaza manufar. Turkiyya ta goyi bayan 'yan tawayen Siriya da gwamnatin Muhammad Mursi a Masar. Da aka hamɓarar da Mursi a 2013, ta ɓata da Alƙahira. Ta tsaya wa Katar lokacin da maƙwabtanta suka killace ta a 2017, sannan kisan Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul a 2018 ya ƙara dagula al'amura. Ƙasar da ta yi niyyar zama lafiya da kowa sai ta wayi gari kusan ba maƙwabcin da take ga-maciji da shi.

Aljihu ne ya gyara abin da siyasa ta ɓata. Darajar Lira ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022. Erdogan ya sasanta da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2021, ya ziyarci Saudiyya a 2022, ya sauka a Alƙahira a 2024 wurin shugaba Sisi, mutumin da ya shafe shekaru yana suka. An maido da jakadu da Isra'ila a 2022, amma yaƙin Gaza ya sa Turkiyya ta sanar da dakatar da ciniki da ita a watan Mayun 2024.

Rasha: abokiyar ciniki, abokiyar hamayya

Babu dangantakar da ta fi wannan sarƙaƙiya. A Nuwamban 2015 Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha a iyakar Siriya, Moscow ta mayar da martani da takunkumi. Bayan yunƙurin juyin mulki na 15 ga Yulin 2016, wanda aka kashe kusan mutum 250 a cikinsa, Vladimir Putin ya yi saurin jajanta wa Erdogan, yayin da Ankara ke ganin ƙawayenta na Yamma sun yi sanyin jiki. Amurka ta ƙi miƙa Fethullah Gulen, malamin da Turkiyya ta zarga da kitsa yunƙurin, har ya rasu a can a 2024. Ga kuma makaman da Amurka ke ba mayaƙan Kurdawa na YPG a Siriya, waɗanda Turkiyya ke ɗauka reshe ne na ƙungiyar PKK da ta fara yaƙar ta tun 1984.

A wannan yanayi aka ƙulla cinikin S-400. Sakamakonsa, an cire Turkiyya daga shirin ƙera jirgin yaƙi na F-35 a 2019, aka sa wa hukumar sayen makamanta takunkumi a Disamban 2020.

Amma a fagen daga ba a ɓangare ɗaya Ankara da Moscow suka tsaya ba. Sun goyi bayan ɓangarori masu gaba da juna a Siriya da Libiya, kuma taimakon Turkiyya ya ba Azarbaijan galaba a kan Armeniya a 2020, a yankin da Rasha ke ɗauka bayan gidanta ne. A lokaci guda kuma iskar gas ta Rasha na kwarara ta bututun TurkStream, kamfanin Rosatom ne kuma ya karɓi aikin gina tashar nukiliya ta Akkuyu.

Da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, Turkiyya ta yi Allah wadai, ta rufe mashigan ruwanta ga jiragen yaƙi bisa yarjejeniyar Montreux, amma ta ƙi shiga takunkumin Yamma. Ita da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka cimma yarjejeniyar fitar da hatsi ta Yulin 2022, wadda ta yi shekara guda kafin Rasha ta janye. Ta jinkirta shigar Finlan cikin NATO har 2023, ta Suwidin har 2024, kuma tana amincewa Amurka ta ba da izinin sayar mata da jiragen F-16. A shekarar ce Erdogan ya halarci taron BRICS a birnin Kazan, sannan faɗuwar Bashar al-Assad a watan Disamba ta ƙara wa Ankara tasiri a Siriya, ta rage na Rasha da Iran.

Afirka

Hulɗar Turkawa da wannan yanki ba sabuwa ba ce, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya yi musayar wasiƙu da fadar Istanbul. A zamanin nan kuwa, Firayim Minista Necmettin Erbakan ne ya jagoranci kafa ƙungiyar D-8 a 1997, wadda Najeriya ke cikinta. Ofisoshin jakadancin Turkiyya a nahiyar sun ƙaru daga 12 a 2002 zuwa sama da 40. Erdogan ya je Mogadishu lokacin yunwar 2011, aka buɗe sansanin horar da sojoji a can a 2017. Nijar, Mali da Burkina Faso sun sayi jiragen Bayraktar, waɗanda ke da araha, kuma ba sa zuwa da irin sharuɗɗan da ƙasashen Yamma ke gindayawa. Masu suka na cewa nan ne matsalar take, ganin rahotannin mutuwar fararen hula a hare-haren irin waɗannan jirage a yankin Sahel.

Iyakar wannan salo

Wannan ciniki yana da farashi. Shakkar da ƙawayenta ke yi mata ta jawo mata asarar F-35, kuma dogaro da gas ɗin Rasha da kasuwar Turai da kuɗin ƙasashen Larabawa na nufin kowanne yana da inda zai matsa mata. Sai dai in ana maganar manyan makamai, Yamma ta sake komawa. A Satumban 2025 Erdogan ya tattauna batun F-35 da shugaba Donald Trump a fadar White House, sannan a watan Oktoba Turkiyya ta rattaba hannu da Birtaniya kan sayen jiragen yaƙi 20 samfurin Eurofighter Typhoon.